Doyar da Aka Yanke wa Kai

Ni 'yar kasuwar doya ce a Lafiya. Sana'ar uwata ce, da ta koma ga Allah na gaji rumfarta da kujerarta da bakinta. In ka shiga layinmu ka tambaya za a gaya maka ba ni da haƙuri, kuma ban musa ba. Matar da ta kwashe shekaru tana sa-in-sa da 'yan dako da dillalai, in ta ce maka tana da sanyin hali, ƙarya take yi. To duk masifata ba ta hana a yi wa mijin ƙanwata abin da aka yi masa a gaban idona ba, a shekarar da muka yi sabon shugaban ƙasa.

Mutumin Maradi ne, can Nijar. Dogo, siriri, ga nauyin baki, sai ka tambaye shi abu ka tafi ka dawo kafin ya gama haɗa amsa. Yana yaro kiwo ya yi, da ya girma ya koyi mota, ya riƙa sauko mana da albasa da wake a tirela, ya koma da doya. A haka ya ga ƙanwata tana taya ni zama a rumfa. Da farko na ƙi, na ce ba za a kai mini ita ƙasar da ko sakwara ba a sani ba. Sai ya ce ai shi ne zai zauna a nan, ya kuwa kama haya, suka haifi yara uku. Ya girme ni amma Yaya yake ce mini, ni kuma na Maradi nake ce masa. In ya ce "mu tahi" sai mu yi ta dariya, alhali a garin nan kowa da irin karyayyar Hausarsa. Hannunsa na dama a kan giyar motar nan shi ne abincin gidansu, ba su da gona, ba su da shago.

Dole in faɗi yadda muke lodi, don a nan maganar take. Irinmu ƙananan 'yan kasuwa ba mai iya cika tirela shi kaɗai, sai a haɗu, kowa ya kawo abin da ya samu a zuba a mota ɗaya. Abin da ke raba doyar wani da ta wani fenti ne. Kowa da shaidarsa, ana ɗiga ta can sama wajen kai. Tawa shuɗi ce, ɗigo biyu, tun ta uwata. Maƙwabciyata a rumfa, wata dattijuwa 'yar Tibi da muke ce wa Mama, tata ja ce. Wani tsohon manomi daga Kwandere da ke kawo tasa da kansa, rawaya yake sawa. In mota ta isa Maradi a ware launi-launi, a san na kowa. Fentin nan shi ne amana, shi ya sa a kasuwarmu ba a taɓa kan doyar wani. Duk doyar da ka gani an kankare mata fenti ko an datse mata kai, ta sata ce, ba sai an yi tambaya ba. Ina ƙarama na ga an yi wa wani mutum dukan kawo wuƙa a kan haka, kuma ba wanda ya ce an zalunce shi.

Sabon shugaban nan tun ranar da aka rantsar da shi ya taɓa mu. A wurin ya janye tallafin mai, kafin mu tashi kasuwa kuɗin acaba ya haura. Muna cikin wannan jinyar sai sojojin Nijar suka hamɓarar da nasu shugaban. Namu kuma ba a daɗe da ba shi shugabancin ƙungiyar ƙasashen yankin nan ba, sai ya ɗauki abin da zafi. Aka ba sojojin wa'adi, aka yanke musu wutar lantarki, aka rufe boda, aka shiga maganar yaƙi. Da na ji batun wutar a rediyo dariya na yi, na ce mu da muke kwana a duhu a Lafiya ashe har muna da wutar da za mu hana wani. Mama ce ta ce in rage dariya, ta tuna mini abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sai a lokacin na tuna motarmu tana hanya, na Maradi ke tuƙa ta.

Sabuwar doya ce a cikinta, ita kuwa sabuwa ruwa ce zalla, ba ta da jimiri. Wajen haƙa ma manomi yanke ta yake yi daga wuya, ya bar asalin kan a ƙasa don ya sake ba shi iri. Ke nan da rauni a samanta take zuwa kasuwa. Kusa da raunin nan muke sa fenti, ta nan kuma ruɓa ke shiga in ta sha zafi. Lodinta ba ya son jira ko kaɗan. Na Maradi kuwa ya isa Jibiya ya tarar an ja ƙarfen boda, ga motoci jere iya ganinka.

Yakan kira ƙanwata in ya samu caji, komai ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Wata rana na karɓi wayar na ce ya juyo ya sayar a Katsina ko Kano ko nawa ne. Ya ce Yaya kayan ba naki ba ne ke ɗaya, sai masu kaya sun haɗa baki. Gaskiyarsa. Muka taru, aka kasa haɗa bakin. Akwai wani dillali a cikinmu, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, shi ya fi kowa kaya a motar. Ya dage a jira, wai gobe za a buɗe, kuma wanda ya fara shiga Maradi da doya shi zai yanka farashin da ya ga dama. Na ce masa doya ba ta san gobe ba. Ya ce in yi shiru, mace ba ta san siyasar duniya ba. Na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Haka aka yi ta gobe, gobe, ruwa na dukan tamfol, rana na gasa shi, har karen motar ya gaji ya gudu ya bar na Maradi shi kaɗai.

A nan gida kuma bakin mutane ya fara canjawa. Kowa da waya a hannu, yau a nuna maka bidiyon tankoki wai sun doshi boda, gobe a nuna maka wasu na zagin ƙasarmu a can. Mutanen da kullum suke shan shayi a teburin ɗan Nijar na bakin kasuwa suka fara cewa a yi hankali da su, 'yan leƙen asiri ne. Leƙen asirin me, don Allah? Na tulin doya? Amma yunwa ta sa kowa neman wanda zai huce a kansa, shugaban ƙasa kuwa yana Abuja, hannu ba ya kaiwa. Dillalin nan da ya ga jiran da ya sa aka yi ya zama asara, sai ya juya harshe. Ya riƙa bi rumfa-rumfa yana cewa mutumin nan ƙasarsu ce, ya san hanyoyin daji, wa ya sani ko tuni ya tsallaka da rabin kayan danginsa suna ci. Na je har gabansa na ce in ya ƙara sai na fasa masa baki. Ya yi shiru a gabana, ya ci gaba a bayana. Daga ƙarshe da kowa ya sare aka ce mota ta dawo.

Da hantsi ne, ranar kasuwa, an yi ruwa an ɗauke, ƙasa duk caɓi. Wani ɗan acaba da ya taso daga Shabu ya ce ya wuce motar a hanya, kafin ta iso mutane sun cika wurin lodi, har da waɗanda ba su da ko ɓawo a cikinta. Wari ne ya riga ta shigowa. Na Maradi ya kashe mota ya sauko a hankali, na ga ya rame, leɓe ya tsattsage, hannuwansa duk yanka. Ya gaishe ni, ya gaida Mama, ya fara gaida mutane ɗaya-ɗaya yadda ya saba, ba wanda ya amsa. 'Yan dako suka hau suka yaye tamfol.

Kayan bai kai rabin abin da muka loda ba, wannan kam mun sa rai da shi. Amma kowace doya an datse mata kai, an shafe ta da toka furu-furu. Babu ja, babu shuɗi, babu rawaya. Tsohon nan na Kwandere ya ɗauki ɗaya yana juyawa yana neman shaidarsa, ya ajiye ya ɗauki wata. Ni kaina, wallahi, na san abin da idon kasuwa yake gani. Dillalin ya ɗaga doya sama ya juya ga jama'a.

"Kun gani? Ya sayar da masu kyau, ya yanke shaida don kar a san ta wa ta ɓata. Ɓarawo ne!"

Na Maradi ya sunkuya ya ɗauki doya ɗaya, ya juyo gindinta sama.

"Ku dakata in gwada muku," in ji shi.

Iyakar abin da ya samu faɗa ke nan. Wani daga saman mota ya wurgo doya, ƙatuwa, ta same shi a baki.

Wanda bai taɓa ganin an doki mutum da doya ba bai san nauyinta ba. Ya durƙusa yana tofar da jini da haƙora, suka rufe shi. Da doyar da ya dawo musu da ita suka fara, ana maka masa a ka, a baya, tana fashewa fara sol tana komawa ja. Daga nan aka koma itacen rumfa da duwatsun tare taya. Babu Musulmi babu Kirista a wurin, babu Alago babu Eggon babu Bahaushe, ranar kowa ya zama ƙabila ɗaya. Na ga mutumin da na Maradi ya taɓa kai masa mata asibiti tana naƙuda yana shurinsa a ciki. Ana ta ihun ɗan Nijar, ɗan Nijar, kamar yau suka san daga inda ya fito. Ya miƙa hannun dama ya kama jikin mota zai tashi, wani ɗan dako ya ɗaga ƙarfen kwance taya ya sauke a kan yatsun, ya ɗaga ya sake saukewa. Wannan ƙarar har yau tana kunnena.

Ban san lokacin da na ɗauko kujerar uwata ba. Na kutsa ina duka ba na duban wa nake duka, na samu dillalin a goshi, kujerar ta rabe biyu, kuma ko yau aka ce in maimaita zan maimaita. Aka fizge mini ɗankwali, wani ya gabza mini gwiwar hannu a haƙarƙari na ji abu ya ɓalle a ciki. Na faɗa a kan na Maradi na rufe kansa da jikina, ina zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya, don na san su duka. Dukan bai tsaya ba, ya dai koma bayana. Sai na ji wani ya ce a kawo taya, aka gangaro da ita. Aka ce a kawo fetur. Nan ne abin ya tsaya musu a wuya. Ga 'yan acaba cike da wurin, amma kowa ya kalli tankinsa ya kalli na kusa da shi, wannan ya ce nasa ya kusa ƙarewa, wancan ya tura mashin ya ja baya. Man ya yi tsadar da ba mai iya zuba wa mutum shi. Ba don a yi dariya na faɗa ba, abin da ya faru ke nan.

Cikin wannan ɗan jinkirin Mama ta shigo tsakiya. Tsohuwa ce mai jikoki, kuma ita ma kayanta na cikin wanda ya ruɓe. Ta tsaya a kanmu ta kwance bakin zaninta ta riƙe da hannu ɗaya. A wajenmu nan, ko wane yare kake ji, ka san in tsohuwa ta tuɓe wa maza a bainar jama'a, baki ne ta yi musu wanda ba ya wankuwa.

"Wanda ya taɓa shi kuma, zan sake wannan zani," ta ce da irin Hausarta. "Ya zo ya ga inda ya fito."

Maza suka fara kau da kai. Na gaba suka ja baya suka taka na baya, mai riƙe da tayar ya sake ta ta faɗi cikin caɓi. Matan layinmu, da sai yanzu suka samu ƙafa, suka zo suka kewaye mu. Da su muka ɗauke shi muka sa a keke mai ƙafa uku, kansa a cinyata, ina ta kiran na Maradi, na Maradi, ba ya amsawa. Ƙanwata a asibiti ta same mu, ba ta gane shi ba sai da ta ga rigarsa.

Ya rayu. Muƙamuƙi ya karye, aka ɗaure masa baki da waya, sai kunu ta bututun roba. Haƙoran gaba sun tafi. Hannun dama kuwa likita ya cire yatsu biyu, sauran suka sandare, ba sa lanƙwasuwa. Ƙanwata ba ta yi kuka a gabansa ba, sai ta fito baranda ta tambaye ni don me ya yanke kan doyar, shi da ya san doka. Na san ɓarawo ba ya tuƙo kayan sata ya kawo wa masu shi, amma ni ma tambayar tana cina, shi kuma ba bakin faɗa.

Doyar da ta rage a kasuwa an wawashe wasu, wasu an tattake. Mama ta sa aka tsince abin da ya saura aka turo mini gida a baro, ta ce ko yaran ƙanwata su ci. Na bar ta a zaure ban ko kalle ta ba. Ranar da abinci ya yanke mana ne na jawo ɗaya zan dafa. Na wanke tokar, sai na ga 'yan tsaga biyu a gindinta, ƙanana, a jere, aikin wuƙa mai kaifi, an cusa musu toka. Na wanke wata, tsaga ɗaya. Wata an gicciya, wata uku. Na zauna a ƙasa na jawo bokiti na wanke su duka, babu wadda ba ta da tsaga. Sai na tuna ragon da na Maradi ya taɓa kawo mana da Babbar Sallah, mai yankakken kunne. Yara suka tambaye shi, ya ce a wurinsu haka ake shaida dabba, kowane gida da irin tsagarsa. Na fere ɗaya. Cikinta fari tas, ko ɗigon ruɓa babu.

Na ƙulle kowace iri a zani, na biya na ɗauki Mama muka tafi asibiti. Na ɗaga masa mai tsaga biyu. Ya kalle ta, ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni. Na ɗaga mai tsaga ɗaya, ya nuna Mama. Mai gicciye, ya kwaikwayi mai noma, tsohon Kwandere ke nan. Mai tsaga uku, ya zana ƙaton ciki a iska. Mama ta ɗora hannu a ka ta fita waje. Sauran bayanin sai da aka kwance masa baki muka ji, guntu-guntu. Da ya ga ruɓa ta fara cin kayan daga kai, sai ya sauke su shi kaɗai a gindin bishiya, ya zubar da waɗanda suka mutu, masu sauran rai ya yanke musu inda ya ruɓe, ya roƙi toka wurin masu abinci a bakin boda ya shafe. Ya san fentin zai tafi da kan, shi ya sa kafin ya yanke kowace sai ya duba launinta ya tsaga mata shaida a gindi. Ya ƙi faɗa a waya, don ya san in aka ji "na yanke kan doya" ba mai tsayawa ya ji sauran. Ya ga gara ya zo ya nuna da hannu.

Ban jira haƙarƙarina ya warke ba. Na cika daro na kai kasuwa na juye a gaban dillalin, goshinsa da filasta, na kira jama'a na ware musu tsaga-tsaga. Na ce ga taka nan mai uku, ita ta fi yawa, a kanta ya fi shan wahala. Na zaci kunya za ta kashe wani. Ina! Wannan ya ce Allah ya kyauta, wancan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani har ya iya buɗe baki ya ce to me ya hana shi faɗa. Na ce da wane bakin, wanda kuka fasa? Dillalin ya ce ai duk laifin gwamnati ne da ta rufe boda. Na ce sai yau ka tuna da jakin, bayan ka gama dukan taiki. Tsohon Kwandere kaɗai ya ɗauki tasa mai gicciye ya zauna a ƙasa yana kuka, don shi ma ya yi jifa. Washegari ya zo asibiti da kaza a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ƙanwata ta karɓi kazar ta rufe ƙofar.

Mai tirela ya ba wani tuƙin. Na Maradi ya koma zaman gida, ƙanwata ta fara suyar ƙosai a ƙofa, ni ina kai musu abin da ya samu. Sau ɗaya wani abokinsa ya bar shi ya hau mota ya gwada, yatsun suka kasa riƙe giya, ya sauko.

Cikin azumi aka buɗe bodar. Yadda aka rufe ta haka aka buɗe, sanarwa ce a rediyo, an ce shugaba ya ba da umarni, an mayar musu da wutarsu. Yaƙin da aka yi ta faɗa ba a yi ba. Duk faɗin rikicin nan, ni dai jinin da na gani da idona na mutum ɗaya ne, kuma a kasuwar doya aka zubar da shi. Kasuwa ta ɗauki murna, aka fito da fenti. Dillalin nan marar kunya ya aiko a tambaye ni ko na Maradi zai yarda ya zauna gefen sabon direba ya nuna masa hanya, ya kuma yi mana magana da mutanensu a can. Na ce wa wanda aka aiko ya tsaya in ɗauko kujera, ya ruga.

Da na kai maganar gidansu don mu yi dariya, na Maradi bai yi dariya ba. Ya ce zai shiga motar. Ƙanwata tana duban ƙasa, a nan na gane sun riga sun gama shawara, har an ɗaure kaya a ɗaki. Na yi masifa, na ce a nan aka haife ta, a nan uwarmu take kwance, na tuna masa shi da bakinsa ya ce zai zauna. Ya bari na gama, sannan ya yi magana da bakinsa da yanzu iska ke fita ta gaba.

"Yaya, na zamna. Kin ga abin da zaman ya ba ni. Can ko da hannu guda ina iya kiwo."

Ƙanwata ta ce ita ba za ta iya rainon 'ya'yanta a garin da kullum za su gaida waɗanda suka jefi ubansu ba. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar sai na zauna a kan ɗaurin kayansu na yi kuka.

Ranar tafiya ba su shiga kasuwa ba, a bakin titi motar ta tsaya musu. Na zo daga wurin lodi da gwangwanin fentina a hannu, da na ga ana jefa buhunansu a saman doya sai na bi su ɗaya-ɗaya na ɗiga musu shuɗi biyu, kar su ɓata a hanya. Yaran suka hau, ƙanwata ta hau. Shi kuwa ƙofar direba ya nufa bisa sabo, ya tuna, ya zagayo ɗaya gefen. Ya kai hannun dama ga mariƙin ƙofa, yatsun suka zame, ya dawo ƙasa. Sabon direban ya kau da kai. Na sa kafaɗa na tura shi sama, ban damu da mai kallo ba. Ya ce Yaya sai wata rana, motar ta ɗauki hanyar Shabu.

Muna waya da ƙanwata. Ta ce ya sayi 'yan awaki, babbar 'yarta ma ta fara cewa "mu tahi". Ni ina nan a rumfar uwata, da dillalin nan muke lodi a mota ɗaya, don ba yadda zan yi. Fenti muke sawa har yau, a ka, inda ruɓa ke farawa. Amma duk doyar da na ɗauka zan fere, ko ta wa ce, sai na juya gindinta na duba tukuna.